Isobel Hutchison: masaniyar tsirrai ce ko 'yar masu kuɗi mai yawon shan iska?

Zuwaira
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi mini haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo. An ba mu aiki a aji, kowa ya zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda suka yi suna wajen tara samfurin tsirrai ya yi bayani a kansa. 'Yan ajinmu duk suka yi caa a kan maza. Ni kuwa garin lalube na faɗa kan wata mata 'yar Sikotland mai suna Isobel Wylie Hutchison, yau kwana uku ke nan ta hana ni sakat.

An haife ta ranar 30 ga Mayu 1889 a wani katafaren gidan dutse da ake kira Carlowrie, kusa da Kirkliston, yamma da Edinbara. A cikin gidan nan ta rasu ranar 20 ga Fabrairu 1982, tana da shekara 92. In ka ji haka sai ka ɗauka ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba. To ga abin da ta yi a tsakani. A 1925 ta ratsa Aisland da ƙafa, daga Reykjavik zuwa Akureyri, mil 260, kamar dai mutum ya taka daga Kano zuwa Abuja. A 1927 ta shiga Girinland, ta sake komawa a 1928 ta yi shekara guda cur a Uummannaq, can arewa inda rana ke faɗuwa ta yi fiye da wata biyu ba a sake ganinta ba. A 1933, tana da shekara 44, ta bi gaɓar arewacin Alaska, wani wuri a jirgin ruwa, wani wuri a amalanken ƙanƙara da karnuka ke ja, har ta ɓulla Aklavik a Kanada. A 1936 ta bi tsibiran Aleutian da ke jere tsakanin Alaska da Asiya har Attu, na ƙarshensu, ta dawo gida ta Japan da jirgin ƙasan Siberiya. Duk inda ta sauka tana tsinkar tsirrai, tana busarwa, tana aika wa lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan da gidan tarihin Birtaniya.

Damuwata ita ce, da na kai wa malaminmu sunan sai ya ce in canza, wai ita matafiya ce ba masaniya ba, ko digiri ba ta da shi a fannin. Zuciyata kuma ta ƙi. Shi ne na ce bari in kawo gaban manya. Me kuka gani?

Baban Khalifa
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin mu yi nisa, uban nata mece ce sana'arsa?

Zuwaira
Dillancin giyar inabi, Yaya. Sana'ar gidansu ce tun daga kakanta, a Leith, tashar jiragen ruwan Edinbara. Ya rasu a 1900 tana 'yar shekara goma.

Baban Khalifa
To kin ji. Ai magana ta ƙare. Yarinya ta tashi a gidan da ya fi fadar wani sarkin girma, an bar mata gado, ba miji, ba 'ya'ya, ba tunanin cefane. Me zai hana ta yawo? Ni ma a ba ni irin wannan, in ban taɓo bangon duniya ba ku canza mini suna. Malaminku ya yi gaskiya. Maganar furanni fakewa ce kawai da guzuma a harbi karsana.

Tsohon Malamin Daji
Sannu ɗiyata Zuwaira. Baban Khalifa, ka faɗi rabin gaskiya, ka bar rabi a aljihu.

Rabin da ka faɗa shi ne lallai furanni ne suka buɗe mata ƙofa. A wancan zamanin Girinland a kulle take. Denmak ce ke mulkinta, ba ta barin baƙo ya sauka sai da izini, izinin kuwa ba a ba ɗan yawon buɗe ido, sai mai aikin ilimi. Da ta nema a matsayin mai tara tsirrai, sai aka ba ta. Wannan ba mai musu.

Ga rabin da ka bari. Na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin gandun daji, na san abin da ake kira tara samfuri. Mutane suna zaton ka tsinki fure ne ka soka a littafi shi ke nan. A'a. Sai ka samu tsiron yana ɗauke da furensa ko 'ya'yansa. In ƙarami ne ka tono shi har saiwa, ka kakkaɓe ƙasa, ka shimfiɗa shi tsakanin takardu yadda za a ga gaban ganye da bayansa, ka matse tsakanin katako biyu, ka ɗaure tamau. Gobe ka kwance ka canza takarda, jibi ka sake canzawa, har ya bushe ƙarau. Ka yi sakacin kwana biyu, fumfuna ta gama da shi. Sannan uwa uba, 'yar takardar da za ka rubuta inda ka samo shi, da ranar, da irin ƙasar wurin, da launin furen kafin ya dushe, da lambarka. Samfurin da ba shi da wannan takarda ciyawa ce, a ba akuya.

Mu nan rana tana taimakonmu, musamman da hunturu. To ka ɗauki wannan aikin ka kai shi cikin ƙaramin jirgin ruwa mai tangaɗi, komai a jiƙe, hazo ya rufe gari, yatsu sun ƙage don sanyi, mai jirgi kuma ya ce awa biyu kawai zai tsaya a tsibirin nan. Wanda ya je shan iska ba ya wannan wahalar. Hoto zai ɗauka ya koma ya sha shayinsa.

Baban Khalifa
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai da bakinka ka faɗa. Ta tsinko, ta busar, ta aika. Wasu ne suka zauna suka yi ilimin. Wanda ya kawo buhun gero kasuwa ba shi ne ya san farashi ba. Dako ta yi musu.

Malama Rabi
Bari in shiga tsakani, don ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma ina ganin kowa da inda ya dosa. A wannan fanni akwai mai kawowa, akwai mai tantancewa. Misali, a shekarar da ta fitar da littafin tafiyarta ta Aleutian, wato 1937, a shekarar ce wani ɗan Suwidin, Eric Hultén, ya buga cikakken littafin tsirran tsibiran nan, na masana, da sunayen Latin da bayanin inda kowane iri yake. A Girinland ma tun 1906 'yan Denmak suna da tashar bincike a tsibirin Disko ƙarƙashin Morten Porsild. In irin waɗannan malaminku yake nufi da masani, to gaskiya ba sahunsu ɗaya ba, kuma kada ki ce sahunsu ɗaya a gaban aji, za a kayar da ke.

Amma aikin da aka ba ku fa na masu tara samfuri ne, ko ba haka kika ce ba? To a nan mata kaɗan ne suka kai ta a zamaninta. Kuma kalmar dako ta yi tsauri, Baban Khalifa. Ɗan dako ba ya zaɓar abin da ke cikin buhu. Ita sai ta kalli fili ta san wanne ne na kullum, wanne ne baƙo, wanne ya cancanci gurbi a cikin 'yan takardun da suka rage mata. Wannan ido ne, kuma ba a samunsa kyauta. Ta samu farkonsa wurin ubanta, mai son lambu ne, ta kuma shiga kwalejin koyon aikin lambu ta mata da ke Studley a Ingila a 1917.

Sadiq
Wai ita ce Hutchinson ɗin nan ta "Hutchinson da Dalziel" da muke gani a ƙarshen sunayen itatuwa?

Tsohon Malamin Daji
A'a ɗana, harafi ɗaya ne ya ruɗe ka. Wancan John Hutchinson ne, namiji, ɗan Ingila, ma'aikacin Kew. Shi kuma Dalziel likita ne da ya yi karatu a Edinbara, ya yi aiki a nan Arewa zamanin Turawa, yana duba marasa lafiya yana tara tsirrai. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, daga baya su biyun suka haɗu suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma, wanda muka yi ta fama da shi a makarantar koyon aikin daji. Ita Isobel aikinta na ƙasashen ƙanƙara ne, ba ruwanta da namu.

Zuwaira
Na gode Baba, na gode Anti Rabi. Yaya Baban Khalifa, ina so in koma kan maganar gado, don ta tsaya mini. Ba na musun ta tashi cikin daula. Amma "ba ta da tunani" ɗin nan ne ban yarda ba. Uba ya rasu tana shekara goma. Ƙaninta Frank ya rasu a 1912 garin hawan duwatsun Cairngorm, yana matashi. Ɗan uwanta Walter ya mutu a yaƙin duniya na farko. Maza uku na gidan, duka. Wajen 1920 abin ya taɓa ta sosai, ta shiga halin ƙuncin zuciya har ta kwanta. Da rubuta waƙoƙi da doguwar tafiya a ƙasa ta samu ta miƙe.

Kuɗin tafiyar kuma ba daga akwatin gado kawai yake fitowa ba. Ta taka tsibiran Hebrides na ƙasarsu da ƙafa, ta rubuta labarin ta sayar wa mujallar National Geographic, da kuɗin ta tafi Aisland. Haka ta ci gaba: ta je, ta dawo ta rubuta littafi, ta zaga gari-gari tana lacca tana nuna hotuna, ta tara na tafiya ta gaba. Zuwa Alaska ma jirgin dakon kaya ta shiga daga Manchesta, ya bi ta mashigin Panama. In kana son ganin yadda masu kuɗin gaske ke yi, ka duba Louise Boyd, Ba'amurkiya, a shekarun nan dai, ita jirgin ruwa sukutum take ɗaukar shata zuwa Girinland da ma'aikatanta. Isobel kuwa roƙon gurbi take yi a jirgin 'yan kasuwa.

Baban Khalifa
Allah ya ji ƙan musulmi. Na janye "ba tunani". Amma talaka 'yar Sikotland mai aiki a masaƙa ita ma 'yan uwanta sun mutu a yaƙin nan, ba ta samu zuwa Aisland ta huce ba. Washegari ta koma bakin aiki.

Malama Rabi
Wannan kam gaskiya ne, ba ja.

Hajiya Mai Lambu
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Tun ɗazu ina karantawa ina jiran in ji wa ya raka ta. Zuwaira 'yata, ita kaɗai? Mace? Ba miji, ba wa, ba ƙane?

Zuwaira
Ita kaɗai, Hajiya. Ba ta taɓa aure ba har ta koma ga Mahaliccinta. Bari ma in faɗi wanda na san zai fi ɗaga miki hankali, gara ki ji daga bakina. A 1933 ta makara a hanya, teku ya fara daskarewa kafin ta kai inda ta nufa. Sai ta maƙale a wani wuri da ake kira Martin Point, a bukkar wani ɗan kasuwa mai suna Gus Masik, haifaffen Estoniya. Ta yi fiye da wata guda a nan tana jiran ƙanƙara ta yi ƙwari yadda karnuka za su iya bi. Da dare yana ba ta labarin rayuwarsa tana rubutawa, har ya zama littafi a 1935. Shi ne kuma ya kai ta tsibirin Herschel na Kanada da karnukansa.

Hajiya Mai Lambu
Innalillahi. To ni dai ba da 'yata ba. Ko jikata ma.

Usman a Edinbara
Hajiya, barka da dare. Ai su ma mutanenta a lokacin ba haka suka so ba. Abin da ake jira daga 'yar babban gida shi ne ta yi aure ta zauna ta karɓi baƙi. Ku tuna sai a 1928 aka daidaita mata da maza wajen jefa ƙuri'a a Birtaniya, lokacin ita har ta je Girinland ta dawo. Kuma ba wai mace ce da ta yar da addininta ba, mai riƙo da cocinsu ce sosai.

Ina karatu a nan, gidan nasu yana dab da filin jirgin sama na Edinbara. Abin dariya, yanzu wurin bikin aure aka mayar da shi, ana haya. Matar da ta ƙi aure, ga amare suna ta ɗaukar hoto a tsakar gidanta.

Abin da nake so in ƙara shi ne, wata rana an kai mu ma'ajiyar busassun tsirrai ta lambun binciken tsirrai na Edinbara, inda ake ajiye samfuri kusan miliyan uku. Ban san me nake tsammani ba, amma ba abin da na gani ba. Ɗaki ne shiru, kabad-kabad na ƙarfe a jere. Matar da ke zagawa da mu ta jawo wata jakar takarda ta buɗe a hankali kamar mai buɗe tsohon kundi. Ga wani ɗan tsiro da bai kai tsawon yatsana ba, ya koma ruwan ƙasa, an maƙala shi da siraran takardu, a kusurwa ga rubutun hannu da tawada ta kusa ɓacewa: wuri, rana, shekara. Ta ce mana da irin wannan ne yau ake gane ko lokacin furen wani tsiro ya matso saboda ɗumamar yanayi, don ranar tana rubuce. Wanda ya tsinke shi bai san za a yi wannan tambayar ba. Sai na tuna maganar Baba Malamin Daji, ashe 'yar takardar nan ce dukiyar.

Hajiya Mai Lambu
Sannu Usman, Allah ya ba da sa'ar karatu. Matsayina yana nan, amma hannun da ya san ƙasa ina girmama shi ko na wane ne. Abin da ban gane ba, me ma yake tsirowa a cikin ƙanƙara? Ni zogale na ma in hunturu ya yi tsanani sai ya zubar da ganye.

Malama Rabi
Hajiya, ba a cikin ƙanƙarar yake tsirowa ba. Suna da 'yar bazara ta wata biyu zuwa uku, dusar ƙanƙara ta narke a bakin gaɓa, rana kuma ba ta faɗuwa dare da rana. A wannan ɗan tsakanin komai zai tsiro, ya yi fure, ya zuba iri. Kamar dai yadda dajinmu ke yin kore shar bayan ruwan farko, sai dai nasu da gaggawa. Tsirran duk gajeru ne, suna kwanciya a ƙasa don gudun iska. Akwai itacen da in kika gan shi za ki rantse ciyawa ce, a ƙasa yake rarrafe, alhali ya girmi wasunmu. Akwai furen da ke bin rana da fuskarsa don ya tara ɗumi a tsakiyarsa. Furen da Girinland ta ɗauka a matsayin na ƙasa, mai launin jan garura, sunansa niviarsiaq, ma'anarsa budurwa. Shi ya sa mai tarawa yake cikin tsere: in jirgi ya makara da mako uku, kakar ta wuce, sai baɗi.

Sadiq
Wurin da rana ba ta faɗuwa, to azumi fa? Yaushe za a sha ruwa?

Admin
Sadiq, a kai wannan zauren fiƙihu don Allah. Mun san inda yake kai mu.

Ɗan Yauri
Na zo a makare amma akwai abin da ba a faɗa ba, kuma ya shafe mu. A 1934 ƙungiyar nazarin ƙasa ta Sikotland ta ba matar nan lambar yabo, ita ce mace ta farko da ta samu. Kun san sunan lambar? Lambar Mungo Park. Eh, shi dai, wanda aka koya mana a firamare wai shi ya gano kogin Kwara, alhali kakanninmu suna su a ciki tun kafin a haifi kakansa. Ta gabanmu ya wuce, ya je ya halaka a Busa a 1806, wurin da yanzu ruwan Kainji ya shanye. Shi ma ɗan Sikotland ne.

Wani abin ma, ɗorawa. Sunanta a littafin masana Parkia, daga sunan Park. Wani masani, Robert Brown, ya raɗa mata a 1826. Kaɗanya ma ta daɗe tana ɗauke da sunan Park kafin a canza. Wato matan da suka shekara ɗaruruwa suna dafa kalwa suna daddawa ba wadda aka tuna, sai baƙon da ya wuce sau ɗaya a kwalekwale. Shi ya sa in na ji an ce wane ya tara tsirrai a ƙasar wasu, sai in tambaya, su masu ƙasar fa?

Abdu ɗan Damagaram
Ka riga ni, Ɗan Yauri. Tambayata ke nan. Ana ta cewa ita kaɗai, ita kaɗai. Wa ya tuƙa kwalekwalen? Wa ya ɗinka mata takalmin fata da ya hana ƙafarta ruɓewa? Daga Herschel zuwa Aklavik wa ya kora karnukan? Mutanen Inuit ne, 'yan asalin ƙasashen ƙanƙarar nan. Abin da ta yi sau ɗaya aka ba ta lamba, su shi ne zuwa kasuwarsu. Mu nan mun san wannan, Bature ya ratsa hamadar Tenere da madugu a gaba, a rubuta sunan Bature. Sannan ba ganye kawai ta kwaso ba, ta tara kayan mutane ta kai gidan tarihin jami'ar Kambrij. Wannan ma a saka a lissafi.

Zuwaira
Malam Abdu, ba zan kare ta a kan abin da ba ya karuwa ba. Kayan suna Kambrij, gaskiya ne, kuma tsarin da ta yi aiki a cikinsa tsarin masu mulkin wasu ne. Izininta ma daga Kopenhagen ya fito, ba daga mutanen Uummannaq ba. "Ita kaɗai" da nake faɗa ina nufin ba ta taho da kowa daga gida ba, zan gyara yadda na rubuta.

Abin da zan ce kawai, ba irin masu wucewa da gudu ba ce. Ta koyi harshen Denmak, ta koyi na Girinland, ta zauna da mutane shekara guda har da duhun hunturunsu, tana shiga gidajensu. Ta ɗauki fim na rayuwarsu ta yau da kullum, yana ajiye a ɗakin karatu na ƙasa a Sikotland. Ta fassara tatsuniyoyin mutanen Alaska da matafiyi ɗan Denmak Knud Rasmussen ya tattara zuwa Turanci a 1932. Ga kuma maganar Attu. Ta je a 1936 ta ga ƙauyen da mutanensa. A watan Yuni 1942 sojan Japan suka mamaye tsibirin, suka kwashe mutanen ƙauyen zuwa Hokkaido, kusan rabinsu suka mutu a can. Waɗanda suka tsira kuma Amurka ba ta mayar da su Attu ba. Ƙauyen ya tafi ke nan. Ita tana cikin baƙi ƙalilan da suka gan shi da rai suka rubuta.

Abdu ɗan Damagaram
Allahu akbar. Wannan ban sani ba. To ki saka shi, amma ki saka nawa ma.

Tsohon Malamin Daji
Ku duka biyun ku saka. Abin da Ɗan Yauri ya kawo shi ne ya sa duniya ta sake dokar. Tun yarjejeniyar duniya ta kare halittu ta 1992 da ta Nagoya ta 2010, ba ka isa ka shiga ƙasar mutane ka kwashi tsirrai ka fita haka nan ba, sai da izini da yarjejeniyar raba amfani. Kuma muna da ma'ajiyarmu, akwai babba a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, akwai a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ba Kew ce kaɗai ba.

Amma bari in faɗa muku abin da ke ci mini rai, ba na Turawa ba, namu. Sau nawa muka shiga daji da maharbi ko bafulatanin da ya san kowane itace da amfaninsa, shi zai ce wannan taura ce, wannan tsada, wannan kada dabba ta ci, mu kuma mu rubuta sunan Latin mu sa lambarmu, nasa sunan ko a gefe babu? Ni na yi. Ba sau ɗaya ba. Dalziel ma da ake magana, sunayen Hausa da ya cika littafi da su ai ba daga Edinbara ya zo da su ba.

Baban Khalifa
Baba ka kashe bakin kowa. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa da ba 'yar Carlowrie ba ce da ba mu san sunanta ba. Jami'ar St Andrews ta ba ta digirin girmamawa a 1949, na gani yanzu, amma na girmamawa ne, irin wanda ake ba 'yan siyasarmu.

Malama Rabi
Haba Baban Khalifa, ita aƙalla an san abin da ta yi kafin a ba ta. Ta kuma yi shekaru tana editan mujallar ƙungiyar nan ta nazarin ƙasa.

Zuwaira
Na yanke shawara, ba zan canza ba. Gobe zan koma wurin malam in ce masa mai tarawa na zaɓa kamar yadda aka ce, ba mai tantancewa ba, in kuma kawo maganar su Malam Abdu a ciki.

Wani abu kuma da na ɓoye tun farko don kunya. Rabin makin aikin nan na samfuri ashirin ne da kowa zai tara da hannunsa. Na tara nawa a ƙauyenmu makon jiya, na danne su a ƙarƙashin katifa cikin takardun littafi, na manta da su kwana huɗu, ga damina. Da na ɗaga, wari ne ya fara yi mini sallama. Goma sha uku sun yi baƙi sun yi gashi fari. Bakwai da suka tsira kuma ban rubuta inda na tsinko su ba, na ce zan tuna, ga shi ban tuna ba. Shi ya sa labarin matar nan ya kama ni, ita a cikin jirgi mai yoyo ta iya, ni a ɗaki na kasa. Asabar zan koma in sake daga farko. Kakata ce ta zaga da ni wancan karon, ita ta nuna mini bambancin tafasa da rai-ɗore, don ni duk ɗaya nake ganinsu. Baba, ya halatta in sa sunanta a takardar?

Tsohon Malamin Daji
Ya halatta mana, wa zai hana? Ki rubuta sunanki da nata a wurin masu tarawa, ki sa sunan Hausa yadda ta faɗa da abin da ta ce ana yi da shi. Ki tafi da fensir, biro yana zuba in ya jiƙe. Ki rubuta tun kina tsaye a gindin tsiron, ba sai kin dawo gida ba. Katifa kuma ki rabu da ita, ki samu falanki biyu da igiyar roba, da tsofaffin jaridu masu yawa, ki riƙa canzawa safe da yamma kwana ukun farko.

Baban Khalifa
Jarida kam akwai buhu guda a shago, da su muke naɗe kaya. Ki turo yaro ya ɗauka. Amma ban janye maganata ba fa.

Tsohon Malamin Daji
Ki tsince masu sheƙin nan na talla ki mayar masa, ba sa shan ruwa.